Laftof ko Tabilet? Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Kafin Ya Saya

Ranar da ɗan yayata ya samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a, mahaifiyarsa ba ta yi wata-wata ba, ta ɗauki adashinta ta damƙa masa ya je ya sayo laftof. Da yamma sai ga shi gidana da jaka a kafaɗa, baki har kunne. "Kawu, Core i7 ce fa," in ji shi, yana nuna mini tambarin da ke manne kusa da madannai. Muka kunna ta, muka zauna muna jira ta gama tashi. Da na duba cikinta sai na ga lambar i7-4600U, wato ƙirar shekarar 2013. RAM ɗinta 4GB, ma'ajiyarta tsohon faifai mai juyawa, batirin kuwa bai kai minti arba'in ba ya mutu. Mai shagon bai yi masa ƙarya ba, i7 ɗin ce. Yaron ne bai san tambayar da zai yi ba.

Tun daga ranar nake jin ciwon yadda iyaye ke tara kuɗi da guminsu, a sayo abin da ba zai kai ɗalibi aji biyu ba. Sayen kwamfutar karatu ba ya buƙatar mutum ya zama injiniya. Abubuwa kaɗan ne za a riƙe, kuma duk suna komawa ga tambayoyi biyu: wane aiki za ta yi, kuma a wane hali za ta yi shi?

Tabilet ko laftof?

Tabilet tana da daɗin sha'ani. Ba ta da nauyi, batirinta yana wuni, kuma karanta littafi a kanta ya fi daɗi. Wanda ya samu mai alƙalami zai iya rubuta darasi da hannu, ya zana hoto, ya ja layi a ƙarƙashin jimla kamar a takarda. Ɗalibin likitanci ko shari'a, wanda yawancin aikinsa karatun manyan littattafai ne, zai ji daɗinta ƙwarai.

Amma ga mai koyon rubuta manhaja, maganar ta sha bamban. iPad da tabilet mai Android tsarin waya suke bi. Kayan aikin da malamai za su ce a saka, irin su VS Code da Android Studio da NetBeans da XAMPP, an yi su ne don cikakkiyar kwamfuta mai Windows ko macOS ko Linux. Akwai dabarun rubuta manhaja a tabilet ta hanyar intanet, inda wata kwamfuta a nesa ke yin aikin, kai kana gani a allonka. Sai dai wannan yana son intanet mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, da data mai yawa. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda sabis ke yi da daddare, lokacin da kowa ya hau.

Ga kuma lissafin kuɗi. Kafin ka sayi tabilet mai kyau, ka ƙara mata madannai da alƙalami, kuɗin ya kai na laftof. Saboda haka idan abu ɗaya za a iya saya, laftof za a saya. Tabilet ƙari ce ga wanda Allah ya hore wa. Wadda ta fita daban ita ce irin su Surface Pro ta kamfanin Microsoft, mai siffar tabilet amma cikakkiyar Windows ce a cikinta, sai dai gyaranta yana da wuya idan ta samu matsala.

Tela, teburinsa da kabad ɗinsa

Abubuwa uku ne ke sa kwamfuta sauri ko nawa. Ka ɗauki shagon tela. Telan da kansa shi ne furosesa, mai yin aikin. Teburin da yake shimfiɗa yadi yana yanka shi ne RAM. Kabad ɗin da yake ajiye yadudduka da ɗinkunan mutane shi ne ma'ajiya. Komai ƙwarewar tela, idan teburinsa ɗan ƙarami ne, sai ya riƙa naɗe wannan yadi kafin ya shimfiɗa wancan. Idan kuma ƙofar kabad ɗin tana cijewa, duk ɗauko abu sai an ɓata lokaci.

Mu fara da teburin. RAM 4GB ba ta isa ba a yau, ko da mai shago ya rantse. Windows da burauza mai shafuka goma sun cinye ta. 8GB ita ce mafi ƙaranci, kuma za ta ɗauki ɗalibi a darussan farko na Python da Java da C++ da ƙirar shafukan intanet. 16GB ita ce kwanciyar hankali. Kamfanin Google da kansa ya ce Android Studio tana son aƙalla 8GB, kuma mai son kunna wayar gwaji a cikin kwamfutar yana buƙatar 16GB. Tambayar da ta fi muhimmanci a nan ita ce: ana iya ƙara RAM ɗin daga baya? Wasu kwamfutocin suna da gurbi, ka sayi 8GB bana, baɗi ka ƙara. Wasu kuma, musamman sirara, an like RAM ɗin a jikin allon injin, yadda ka saya haka za ka rabu da ita.

Sai kabad. Ma'ajiya iri biyu ce a kasuwa. Akwai HDD, tsohon yayi, faifai ne ke juyawa a ciki da allura mai karantawa, kuma faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi. Akwai SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. HDD na laftof yana karanta kusan 100MB a daƙiƙa, SSD na gama-gari yana kai 500MB, nau'in NVMe kuwa yana haura 1,000MB nesa ba kusa ba. Kada girman lamba ya ruɗe ka: SSD mai 256GB ya fi HDD mai 1TB amfani ga ɗalibi. In da hali a nemi 512GB. A guji kwamfutocin da aka rubuta musu eMMC 32GB ko 64GB, don Windows kaɗai za ta cika su, ta hana ka sakat.

Yadda ake karanta lambar furosesa

Nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido. Sunan Core i3, i5 ko i7 matsayi ne a cikin gida ɗaya, bai faɗi shekarar haihuwa ba. Shekarun suna cikin lambar da ke biye. A i5-6300U, lambar farko 6 tana nufin zubi na shida. i5-8250U zubi na takwas ne. i5-1135G7 zubi na sha ɗaya ne, i5-1235U na sha biyu. 'Yan kasuwa suna cewa "jen", sai ka ji an ce "eit jen" ko "ten jen".

Zubi na takwas shi ne iyakar da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba, saboda dalilai biyu. Na farko, a shekarar 2017 da Intel ya fito da shi, ya ninka ma'aikatan da ke cikin furosesar ƙananan laftof daga biyu zuwa huɗu. Wato i5-7200U tela biyu ne a shago, i5-8250U tela huɗu. Shi ya sa i5 ta zubi na takwas ke tsere wa i7 ta zubi na shida ko na bakwai a irin waɗannan kwamfutoci. Na biyu, Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa, in ban da 'yan ƙalilan. Masu gyara suna iya tura ta da dabara a kan tsohuwar kwamfuta, amma ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce cewa injin sabo ne. Lambar za ka duba.

Kamfanin AMD ma yana da furosesa masu kyau. Ryzen 5 daga jerin 3000 zuwa sama ta wadatar, jerin 4000 da 5000 kuwa sun fi. Waɗanda za a yi hattara da su su ne Celeron da Pentium da Atom. Sau da yawa su ne a cikin sababbin laftof masu ƙyalli da araha, 'yan kwali. Suna iya buga takarda da kallon bidiyo, amma da an ɗora musu aikin manhaja sai su fara nishi. Araha ba ta ado.

Wuta, zafi da ƙura

Masu ba da shawarar sayen kwamfuta a Turai da Amurka ba sa lissafa ɗauke wuta. Mu kuwa da ita muke kwana muke tashi. Ɗalibi a Kano ko Zariya ko Sakkwato zai iya wuni bai ga wuta ba, in ta zo kuma soket ɗaya mutum goma ke layi a kansa. Don haka a wurinmu batir yana gaba da ƙarin sauri. Kwamfutar da ke riƙe caji awa biyar ta fi wadda ta ninka ta ƙarfi amma take mutuwa a awa ɗaya.

Wannan ne ya sa ba na ba ɗalibi shawarar sayen manyan laftof na wasan gem, masu fitilu kala-kala, sai in karatunsa ya tilasta. Suna da nauyi, cajarsu kamar bulo, suna shan wuta, suna zafi. Harafin ƙarshen lambar furosesa yana nuna hali: U mai tattalin batir ce, H mai ƙarfi ce amma mai ci.

A nemi wadda ake iya yi wa caji ta ramin USB-C. Amfaninta shi ne za a iya ɗura mata wuta daga fawa banki, muddin yana fitar da 45W ko 65W. Fawa banki mai 20,000mAh yana ɗauke da kusan 74Wh, batirin laftof mai inci 14 kuwa yawanci tsakanin 40Wh ne da 60Wh. Bayan an cire abin da ke zurarewa a hanya, za ka samu kusan cika ɗaya. A daren da ake gobe miƙa aiki, wannan cika ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai zafi. A watan Afrilu zafin garuruwanmu yana haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura tana shiga ko'ina. Kwamfuta in ta yi zafi da yawa tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Ɗora ta a kan katifa ko filo yana toshe mata hanyar iska. A sa ta a kan tebur ko faranti mai tauri, kuma a kai ta a busa mata fanka aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hunturu.

Sabuwa ko ta hannu?

Mai hali ya sayi sabuwa da garantinta, babu laifi. Amma yawancin ɗalibanmu ta hannu za su saya, wadda ake kira "London yus" ko "tokumbo", kuma wannan ba abin kunya ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Sirrin shi ne a nemi irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatu: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude, HP EliteBook ko ProBook. Kamfanoni a ƙasashen waje suna sayensu da yawa, su yi aiki da su 'yan shekaru, su sauya. An yi su da ƙwari, maɓallansu suna da daɗin bugawa, kuma ana kwance su cikin sauƙi. ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 da Latitude 5490, dukansu na wajen shekarar 2018, yawancinsu zubi na takwas ne kuma kowacce tana da gurbin RAM biyu. Waɗanda suka biyo bayansu sun fi, in kuɗi ya kai.

Wata fa'idar ita ce kayan gyara. Ko a titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, batir da allo da madannan waɗannan samfura ba sa wuyar samu, kuma masu gyara sun san cikinsu. Kwamfutar da ba a san irinta ba a garinku, ranar da allonta ya fashe sai ta zama kayan ado.

Game da allo, inci 14 shi ne tsaka-tsaki, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi, ana iya yawo da shi daga aji zuwa laburare. A nemi mai 1920 x 1080. Mai 1366 x 768 yana nuna layuka kaɗan, kuma mai rubuta manhaja yana son ya buɗe aikinsa a gefe, bayanin da yake bi a ɗaya gefen.

Kowane karatu da buƙatarsa

Kafin a je kasuwa, a tambayi 'yan aji uku da aji huɗu na sashen da aka samu, wace manhaja malamai ke sa a yi aiki da ita. Matambayi ba ya ɓata. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ba ya buƙatar katin hoto na musamman. Ko darasin ƙirƙirarriyar basira ne, ana iya yin manyan gwaje-gwaje a Google Colab ta intanet. Amma ɗalibin zanen gine-gine ko injiniyan injuna, wanda zai yi aiki da Revit ko SolidWorks, yana buƙatar 16GB da katin hoto irin na NVIDIA, kuma waɗannan manhajoji biyu a Windows kaɗai suke aiki. Shi kam dole ya haƙura da nauyi da shan batir.

MacBook mai furosesar M1, wadda Apple ya fito da ita a Nuwamban 2020, da waɗanda suka biyo ta, suna da sauri da riƙe caji sosai. Wanda ya ƙudurta rubuta manhajar iPhone yana buƙatar Mac, don Xcode a kanta kaɗai take aiki. Sai dai ba a ƙara mata RAM ko ma'ajiya, gyaranta yana da tsada, kuma wasu manhajojin aji ba sa hawa kanta. Chromebook kuwa, duk da arharta, an gina ta ne a kan zaton intanet tana nan kullum, kuma manhajojin Windows ba sa hawa kanta kai tsaye.

Wanda tuni yake da tsohuwar kwamfuta, kuma babu halin sauyawa, kada ya karaya. A cire HDD a sa SSD, a ƙara RAM ta kai 8GB, a ɗora mata Linux irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi. Abin da muka yi wa ta ɗan yayata ke nan, muka sauya mata batir, ta kai shi ƙarshen aji biyu. Sanin Linux ma riba ce, don mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da ita suke aiki.

A gaban mai shago

Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka je da gaggawa. Ka ce, "Alhaji, a ba ni wuri in zauna in gwada ta." Ɗan kasuwa na gari ba zai hana ka ba. Wanda ya fara cewa "ai ba sai ka gwada ba, yallaɓai, lafiyarta ƙalau," ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance. Nan za ka ga cikakkiyar lambar furosesa, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Abin da ke nan shi ne gaskiya, ba takardar da aka manna a jiki ba.

Sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu: abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. Idan na farko 50,000 ne na biyu kuma 22,000, batirin ya ci fiye da rabin ransa, sai a rage maka kuɗi ko a sauya shi. Ka zare caja ka ci gaba da gwaji, kana kallon yadda cajin ke sauka.

Ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ka cika allon da fari, sannan da baƙi, ka duba ko akwai ɗigo ko layi ko tabo. Ka soka filas a kowane rami. Ka gwada kyamara da lasifika da Wi-Fi. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa, ka ji ko maƙalarsa tana ƙara ko tana rawa. Ka kunna bidiyo na minti goma, ka sa hannu a ƙasanta ka ji zafi, ka kasa kunne ga fanka.

Ka sake kunna ta ka shiga BIOS, ka tabbata babu kalmar sirri a kai. In MacBook ce ko iPad, lallai mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabanka, kuma a tabbata ba ta ɗaure da rajistar wata ma'aikata ko makaranta ba. In ba haka ba, wata rana za ta kulle, kuma babu mai buɗe maka cikin sauƙi. Ka karɓi caja ta asali. Daga ƙarshe a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da ita. Rasit ɗin nan shi ne shaidarka idan aka ce kayan sata ne.

Bayan an kawo ta gida

A ware wani abu daga kuɗin don jaka mai laushin ciki, da soket mai kare na'ura daga tashin wuta. Idan aka ɗauke wuta a zare caja, don dawowarta da ƙarfi ce ke ƙona kaya. A guji ɗora manhajojin sata da ake turawa a filas, su ne babbar ƙofar ƙwayar cuta. Kusan duk abin da mai koyon manhaja ke buƙata kyauta ne: Python, VS Code, Git, LibreOffice. Mai adireshin imel na jami'a ko katin shaidar ɗalibi yana iya neman GitHub Student Developer Pack, wanda ke ba ɗalibai kayan aiki da dama ba da ko kwabo ba.

Kuma don Allah a riƙa ajiye kwafin aiki a wani wuri. Kowace shekara sai an ga ɗalibin ajin ƙarshe yana hawaye, an sace laftof a ɗaki ko ma'ajiya ta mutu, furojet na wata shida ya tafi. Manhaja a tura ta GitHub, rubutu a sa a Google Drive ko filas, duk mako. Ana sake sayen kwamfuta, amma wata shida ba ya dawowa.

Ɗan yayata yanzu yana aji uku. Da hutun da ya wuce ya yi wa wani mai shagon magani 'yar manhajar lissafin kaya, ya haɗa abin da ya samu da kuɗin tsohuwar kwamfutarsa, ya ce in raka shi kasuwa. Ina tsaye a gefe ban ce uffan ba. Mai shago ya miƙo masa wata mai ƙyalli yana cewa i7 ce. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya kunna, ya danna maɓallai uku, ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Alhaji, zubi na shida ce. A nuna mini waccan baƙar ThinkPad ɗin, in duba batirinta."